Ranar Shafa wa Benci Baƙin Mai

Hadarin da mutanen birni ke hange, a Doguwa da Tudun Wada tuni ya sauka, kuma ƙasa na yin danshi gara ke fitowa aiki. Shi ya sa majalisa mai rumfa da benci, daga Tiga har Riruwai, kan ware yini guda a bazara, katako na bushe ƙayau, a shafe shi da baƙin mai. Aikin mutum biyu ne. Rabin unguwa ke zuwa.

Wanda muke kira Injiniya ne ke fara isowa, cikin farar shadda, hannu goye a baya, ya tsaya can inda iska ba za ta kai masa wari ba. Ka fara da saman benci, ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai ƙafa ake fara shafawa." Ka koma ƙafa, ya ce ka bar sama rana na ci. Zai sunkuya ya shinshina galan ya yanke hukunci cewa wannan man tifa ne, bakanike ya cuce mu, na ƙaramar mota ya fi shiga jiki. Daga nan sai tarihi: kawunsa ya yi aikin dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, har aka gama a 1974, kuma a can ya ga yadda ake shafa maganin katako Solignum. Bana kawun direba ne, bara birkila ne. Abin haushin, rabin maganarsa gaskiya ce. Bakin katako inda zarto ya yanka nan ne ke shan ruwa, sai an maimaita shi. Gindin dirka a babbake shi kafin a binne. A sirka man da ɗan gas ya ratsa, a ɗora ƙafar benci kan dutse kada ta taɓa ƙasa. Amma miƙa masa burushi ka ga ikon Allah: nan take zai tuna yana da alwala. Da la'asar, an gama, an yi baƙi ƙirin har gwiwar hannu, shi ne zai ja numfashi ya ce, "Kai, yau mun sha aiki."

Akwai mai tawakkali, wanda ya ce gara ma rabonta take ci, kuma a bencin maƙwabta yake ƙare damina. Akwai mai shafa gefen da ke kallon titi kawai. Akwai mai aron burushi "na minti biyar", sai ka gan shi baɗi a sandare kamar ƙafar kaza.

Ina tausayin wanda ya sayo katako a Kwanar Dangora yana rantsuwa madaci ne, ba ya buƙatar komai. Ka danna farce ya nutse. Madaci da ƙirya na gaske sai an tona yanzu, ga buhunan gawayi nan jere a bakin titin da ya ratsa dajin Falgore.

Sai Alhaji. An gindaya kara a kan benci, alamar da yaron goye ma ya gane. Alhaji zai ɗauke karan a hankali, ya gyara babbar riga, ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo. In ya tashi, laifin na wanda bai yi magana ba ne, alhali an yi, yana amsa waya.

'Yan "a bari sai bayan salla" ba na son a matsa musu. Mutanen kirki ne masu nazari, kuma benci mai ƙafa uku da bulo ɗaya yana zaunuwa lafiya lau, ku zo ƙofar gidanmu ku gani.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai share fage. An gama, ya ɗauki ragowar man ya tuttule a kwata, taku kaɗan daga rijiyar da unguwa ke sha, ruwan farko ya kwashe saura ya kai fadamar da ake shinkafa. Baƙin mai dattin inji ne, da gurɓataccen ƙarfe a ciki, dalilin da gara ke gudunsa ke nan. Mutumin kuma ya wanke galan sama-sama ya ba yara su ɗebo ruwa. Tsofaffin katakan da suka sha mai shekara da shekaru ya faskara su ya kai wa mai gasa masara a bakin makaranta, har yana jiran a gode masa. Ka yi magana ya ce, "Malam, wuta ai tana cinye komai." Bana galan a ɗakina zai kwana, katakan kuma mu yi dangar bayan gida da su.