Shamuwa da Makullin Zaure

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A can ƙasar Kanada akwai wani daji mai faɗi, inda sanyi kan daskarar da kogi har a yi tafiya a kansa. A wancan lokacin dabbobin dajin suna da Sarauniya, wata tsohuwar Zakanya, amma ba ta zaune a cikinsu. Gidanta na Ingila, bayan teku, kuma takan yi shekaru ba ta leƙo ba. Saboda haka sai ta ajiye wakili a birnin Otawa, a wani babban gida da ake kira Rideau Hall. Ba a jefa wa wakilin nan ƙuri'a. Waziri ne ke raɗa wa Zakanya suna a kunne, ita kuma ta ce ta yarda.

A shekarar 2005 aka raɗa sunan Shamuwa. A ƙasar Haiti aka ƙyanƙyashe ta, tana ƙarama iyayenta suka gudo da ita daga mulkin zalunci. Da ta girma sai ta kama sana'ar kai wa jama'a labari. Aikin da aka ba ta mai sauƙi ne a ido: ta sa hannu a dokar da aka riga aka gama, ta rataya wa masu ƙwazo lambar yabo, ta karanta jawabin da wani ya rubuta mata. Sai dai akwai wani tsohon makulli da aka rataya mata a wuya, makullin zauren majalisa. Al'ada ta ce ba ta buɗewa, ba ta rufewa, sai Waziri ya ce. Al'adar ba ta faɗi abin da za a yi ba ranar da Wazirin kansa ke gudun zauren.

A lokacin, zauren nan yana da buzu 308. A zaɓen 14 ga Oktoba 2008, garken Shuɗi na Waziri Malam Dila ya sami 143, ya fi kowa, amma bai kai rabi ba. Garken Ja na Kunkuru ya tashi da 77. Bushiya, mai jin Faransanci, wadda burinta kullum ta kewaye yankinta na Kebek da shinge ta ware, ta sami 49. Muzuru mai gashin baki, shugaban garken Ruwan Goro, ya sami 37. Sauran biyu 'yan ba-ruwanmu ne. In kun tambayi 'yan Adam za su ce muku Dila shi ne Stephen Harper, Kunkuru Stéphane Dion, Muzuru Jack Layton, Bushiya Gilles Duceppe, Shamuwa kuwa Michaëlle Jean. Wannan su ta shafa, mu dabbobi muka sani.

Kunkuru malami ne, mai gaskiya, mai nauyin baki. Da ya ga yadda garkensa ya rame a hannunsa, sai ya ce zai ajiye sanda in an yi taron garke a watan Mayu. Nan take masu son gadonsa suka fara wasa wuƙa. Akwai Raƙumin Dawa, Michael Ignatieff a bakin mutane, wanda ya yi kusan shekara talatin yana kiwo a Ingila da Amurka, wuyansa ya yi tsawon da yake hango abin da ke bayan duwatsu, amma ba ya ganin ramin da ke gaban kofatonsa. Akwai kuma Hawainiya, Bob Rae ke nan, wadda a da ruwan goro ce kafin ta rikiɗe ta koma ja.

Dila ya ga abokan hamayya sun rabu uku, babbansu kuma yana ɗaure kaya, sai ya ce yau ne ranar. A lokacin akwai wani rumbu da ake ɗibar wa kowane garke awo daga ciki, dala 1.95 a shekara a kan kowace ƙuri'a da ya samu. Ran 27 ga Nuwamba ma'ajin Dila ya tashi a zaure ya ce za a toshe rumbun, wai don tsimi, tunda fari ya faɗa wa kasuwannin duniya. Kowa ya gane lissafin. Garken Shuɗi yana da masu kawo masa gudummawa mudu-mudu, sauran kuwa da rumbun suka dogara. Kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Kafin Dila ya janye maganar, ukun nan da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su sun zauna sun ƙirga kansu, sun tarar su 163 ne. Ran 1 ga Disamba suka sa hannu: Kunkuru zai zama Waziri, a ba garken Muzuru kujeru shida cikin 24 na fada, Bushiya ta tsaya a waje tana ba da goyon baya har Yunin 2010. Ran 8 ga wata za a kaɗa ƙuri'ar kayar da Dila.

Shamuwa tana Turai lokacin, ta katse ziyara ta juyo gida.

Daren 3 ga wata Dila ya fito a akwatin talabijin ya ce wa dabbobi ana shirin damƙa daji ga mai son tsaga shi. Aka jira amsar Kunkuru. Kunkuru dai kunkuru ne: saƙonsa ya iso a makare, hoton kuma dishi-dishi, kamar an ɗauke shi cikin hazo. 'Yan garkensa suka kalla, suka dubi juna, ba wanda ya ce uffan.

Washegari da safe Dila ya doshi Rideau Hall. Abin da aka faɗa a ɗakin, al'ada ta hana a fitar da shi. Amma Gizo ya rantse yana maƙale a azara, kuma kun san Gizo da rantsuwa. Ga abin da ya kawo.

Dila ya rusuna. "Ranki ya daɗe, alfarma na zo nema. A rufe zaure zuwa ƙarshen Janairu, zukata su huce, in kawo kasafi."

"Malam Dila, ashe ba ranar Litinin za su ƙirga ka ba?"

"Litinin ba ta zo ba, ranki ya daɗe. Yau Alhamis, kuma yau ni ne Waziri."

Shamuwa ta tsaya da ƙafa ɗaya, yadda suke yi in tunani ya yi nauyi. Ta tuna tsohon Mikiya, Lord Byng, wanda ya riƙe wannan makulli a 1926. Wazirin lokacin, Mackenzie King, ya nemi a rushe zaure, Mikiya ya ƙi, ya miƙa wa abokin hamayya sarauta. Sabuwar gwamnatin ba ta yi ƙarko ba, aka tafi zaɓe, King ya zagaya daji yana cewa baƙon da ba a zaɓa ba ya taka zaɓaɓɓe, ya dawo kan kujerarsa. Ta tuna na Ostireliya, John Kerr, wanda ran 11 ga Nuwamba 1975 ya sallami Waziri Gough Whitlam da takarda guda, daga nan ya zama duk inda ya fito sai an yi masa ihu. In ta ƙi, tarihin nan na jiran ta. In ta yarda, ta ɓoye wanda ake bi bashi a ɗakinta ranar biya. Gaba kura, baya sayaki.

Ni mai ba ku labarin nan, tausayinta nake ji, ko da yake ina ganin zaure na masu zaure ne, kuma 163 sun fi 143 ko a wane daji aka ƙirga. Amma da sauƙin faɗa ga wanda makullin ba a wuyansa yake ba.

Sama da awa biyu ta bar Dila a ciki, 'yan jarida na rawar ɗari a ƙofa. Daga nan ta ciro makullin ta rufe zaure sai 26 ga Janairu 2009. Ba ta naɗa kowa ba, ba ta tuɓe kowa ba. Mako bakwai kawai ta bayar.

Haɗin ukun nan kuwa irin tuwon da ake ci da zafi ne. Kwana huɗu da rufe ƙofa, garken Ja suka matsa wa Kunkuru ya ajiye sandan tun kafin Mayu. Washegari Hawainiya, wadda ta fi kowa son haɗin, ta janye daga takara. Ran 10 ga Disamba aka ɗora Raƙumin Dawa ba tare da 'yan garke na ƙauyuka sun jefa ƙuri'a ba. Shi kuwa tun farko da ƙyar ya sa hannu a yarjejeniyar, don bai ga dalilin da zai hau kujerar da Bushiya ke riƙe da ƙafarta ɗaya ba. Ya hango nesa, ya ga kansa Waziri shi kaɗai, ba abokin rabo. Da aka buɗe zaure Dila ya kawo kasafi mai maiƙo, Raƙumi ya ce ya yarda, da sharaɗin a riƙa kawo masa rahoto lokaci-lokaci. Dila ya sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransa. Muzuru ya yi ta huci, gashin bakinsa na rawa.

Ƙarshen Disamba 2009 Dila ya sake bukatar a rufe zaure. Wannan karon ko takalmi bai sa ba, waya ya buga, aka rufe.

Su kuwa maroƙan garken Shuɗi suka bi Raƙumi da zambo kasuwa-kasuwa, wai baƙo ne, yawon buɗe ido ya zo, gobe zai koma inda ya fito. Ran 2 ga Mayu 2011 aka koma akwati. Dila ya kwashi buzu 166, fiye da rabi, abin da ya daɗe yana nema. Muzuru ya yi tsalle zuwa 103, ya zama jagoran hamayya, amma ciwo bai bar shi ya ga ƙarshen Agustan shekarar ba. Bushiya ta tashi da 4, nata buzun ma ya tafi. Garken Ja, wanda ya fi kowa daɗewa yana mulkin dajin, ya koma 34, kuma Raƙumi bai tsira da ko nasa wurin zama ba. Ya koma koyarwa.

Shamuwa ba ta nan a lokacin. Wa'adinta ya cika tun Oktoban 2010, ta rataya wa wani makullin ta tashi sama. Ragowar garken Ja suka duba hagu, suka duba dama, suna neman wanda zai riƙe musu sanda kafin a sami makiyayi. Sai ga Hawainiya tana tahowa a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Suka miƙa mata, suka ce riƙon ƙwarya ne fa. Ta ce ta ji.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.