Kasuwar Babur ɗin Ruwa da Mutanenta

Sha'awar babur ɗin ruwa ba ta kama mutum a gidansa. Tana kama shi ne ranar Asabar da yamma a bakin tafkin Jabi a Abuja, ko lokacin hutu a Dubai, ko a Legas idan abokin harka ya kai shi shan iska Ilashe. Ya biya kuɗin haya, yaro ya zaga da shi na minti goma, ruwa ya fesa masa a fuska, a ɗauke shi hoto. Kafin kayansa su bushe ya gama yanke shawara: haya asara ce, gara ya mallaki nasa. Daga nan ya faɗa hannun wasu mutane da bai san da su ba. Duk ilimin da ya tara a kasuwar motoci, na buga taya da ƙafa da leƙa ƙarƙashi da kasa kunne ga salansa, ba ya aiki a nan. Abin ba shi da taya, cikinsa a rufe yake, kuma ba ya faɗin gaskiyar lafiyarsa sai an sa shi a ruwa.

Wanda zai fara tarbarsa shi ne dillalin da shagonsa ke cikin waya. Yana da hotuna masu kyau ƙwarai, duk da bishiyoyin kwakwa a baya da sararin sama irin wanda bai taɓa ganin ƙurar hunturu ba. Ka tambaye shi ina kayan yake, ya ce, "Yana kan ruwa, ranka ya daɗe." Sai ka ji daɗi, ka ɗauka za a je a gwada. Ashe jirgin dakon kaya yake nufi, wanda ya taso daga Amurka kuma zai iso Apapa "nan da sati biyu in sha Allah", sati biyun da ba ya tsufa. Abin da yake so kawai kafin alƙalami ne, don akwai wani sanata da ke matsa masa lamba a kan wannan ɗin. Maganin wannan mutum ba shi da tsada. Kowane babur ɗin ruwa yana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma goma sha biyu a bayansa, biyun ƙarshe su ne shekarar ƙirar. Ka ce ya ɗauko maka hotonta da yatsansa a gefe. Amsar da za ta zo saƙon murya ne mai tsawo a kan muhimmancin yarda da juna tsakanin bayin Allah.

Na biyu shagonsa na gaske ne, sai dai na motoci. Kwantenarsa ce ta rage wuri, yaronsa na Amurka ya ga babur ɗin ruwa a gwanjo da araha ya cusa. Yanzu ga shi a ajiye tsakanin Corolla da Hilux, an wanke shi da omo yana ƙyalli. Shi wannan ba maƙaryaci ba ne da gangan, bakinsa ne ya saba da waƙar mota. Zai ce maka "mailejinsa kaɗan ne", alhali abin da awa ake lissafa aikinsa, kuma 'yan harkar a Amurka sukan ƙiyasta wajen awa 30 a shekara ga mai hawan nishaɗi. Zai ce wata tsohuwar Baturiya ce take hawa, ita ma sai ranar Lahadi. Ban san irin tsofaffin da ke Fulorida ba, amma a bakin dillalanmu duk wani abu mai inji da ya ƙetaro teku tsohuwa ce ta mallake shi. Abin da ba zai faɗa ba, don bai sani ba, shi ne wuraren gwanjon nan sukan cika da kayan da guguwa ta nutsar, kamfanonin inshora suka biya masu su suka kwashe. Injin da ruwan gishiri ya kwana a cikinsa yana iya tashi yau ya kafe bayan wata biyu. A zaro sandar auna baƙin mai: in man ya yi fari-fari, ruwa ya shiga.

Kuma shi ne mai babbar hujja: "Alhaji, Honda ce fa!" Ɗan Arewa in ya ji Honda sai zuciyarsa ta kwanta, yana tuna motar da ta kai shi Maiduguri ta dawo da shi ba ko tari. Sai dai Honda ta daina ƙera babur ɗin ruwa tun 2009, Polaris kuma tun 2004. Manyan da suka rage a fagen uku ne: Yamaha da Kawasaki na Japan, da Sea-Doo na Kanada. Wanda ya sayi ɗaya daga cikin waɗancan biyun da suka bar sana'ar ya sayi aikin neman kayan gyara har iya rayuwarsa.

Sai gwanin tayarwa a tudu. Wannan ya san sana'arsa, shi ya sa na fi jin tsoronsa. Babur yana kan tirela a tsakar fili, ya danna maɓalli, ya matse totur har tsuntsaye su tashi daga bishiya, ya juyo yana murmushi: "Ka ji murya, yallaɓai?" Murya kam an ji. To amma babur ɗin ruwa, in aka cire masa kwalliya, injin ban-ruwa ne irin na fadamar Kadawa da aka ɗora wa kujera. Yana zuƙo ruwa ta wata raga a ƙasansa, farfela ta matsa shi, ya feso ta bututu a baya, ƙarfin feshin ya tura shi gaba. A tudu farfelar iska take kaɗawa, babu nauyin komai a kanta, don haka ko injin da ya gaji yana iya ruri. Akwai wani zobe da ke kewaye da farfelar. In yashi da tsakuwa suka cinye shi, ruwa ya riƙa sulalewa ta gefe, sai ka ga inji yana ihu a tafki, babur yana rarrafe. Ga shi kuma da ruwan da yake zuƙa ake sanyaya salansarsa, ta yadda dogon rurin nan da ake yi maka don burgewa, cin lafiyar kayan da za ka saya yake yi. Ka ce a kai shi ruwa a gwada, sai uzuri ya fara zuba. Motar ja ta tafi gareji. Yau ruwa ya yi ƙasa. Ko kuma wanda ya fi kowanne daɗin ji: "Ai in ya taɓa ruwa ya zama na hannu." Abin da aka yi shekara takwas ana hawa a teku.

Mai saye ba ya zuwa shi kaɗai, yakan taho da bakanikensa, wanda ya shekara yana gyara masa janareto. Taken wannan bawan Allah shi ne "inji ai inji ne". Ya ɗaga kujera, ya cusa kai, ya daɗe yana neman kafireto a injin da kwamfuta ke ba shi mai, ya fito ya goge hannu ya ce lafiya lau, fulogi kawai za a canza. Bai san cewa makullin Sea-Doo da yawa a ɗaure suke da kwamfutar babur ɗin ba, in ya ɓata ba a yanka wani a bakin kasuwa. Abin lura a nan shi ne gaisuwarsa da dillali. In ka ga mutum biyu da suka ce yau suka fara haɗuwa sun koma gefe suna duba wayar juna, ka san la'ada ta zama biyu, kuma duka daga aljihunka.

Kada a ce na tasa dillalai a gaba. Masu sayen ma Allah ya yi su iri-iri.

Akwai mai tambaya ɗaya tak: "Nawa yake gudu?" An nuna masa Spark, ƙaramin da Sea-Doo ta fitar don 'yan koyo da masu ƙaramin ƙarfi, mara nauyi, mara shan mai, ya ce wannan ai na yara ne. Shi sai Ultra 310 na Kawasaki, mai ƙarfin doki 310, wanda ya fi motar da ya zo da ita ƙarfi. Bai iya iyo ba, ko a kududdufin unguwarsu bai taɓa shiga ba saboda tsoron bulalar kaka. Rigar ceto kuwa ya ce tana ɓata hoto. Manyan nan suna haura kilomita 100 a awa, kuma suna da wata ɗabi'a da ke cin amanar duk wanda ya koyi tuƙi a kan kwalta: in ka saki totur, kan ya daina juyawa, domin feshin ruwan ne ke karkata shi. Ɗan koyo ya hango kwalekwale a gabansa, ya saki mai don tsoro, ya murɗa kai iya ƙarfinsa, babur ya ci gaba da miƙewa inda ya nufa. Sai a 2009 Sea-Doo ta fara sa birki, tsofaffin da ke cika kwantenoni da yawansu ba su da shi. Batun mai kuwa, tankin manyan yana cin wajen lita 70, kuma in aka buɗe wuta sosai yana iya ƙarewa cikin kusan awa guda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafi ne da ya kamata a yi shi a zaune.

Kishiyarsa shi ne farfesan YouTube. Ya san Ba'amurken nan Clayton Jacobson ne ya zana abin, kamfanin Bombardier ya fitar da Sea-Doo na farko a 1968 ya janye bayan shekara biyu, Kawasaki ta kawo na hawa a tsaye a 1973, Yamaha ta zo da WaveRunner a 1986. Zai gyara wa dillali furucin Rotax, ya sanar da shi cewa a Ostiriya kamfanin injin yake. Ya sha lemon shago, ya ce zai yi nazari. Ba ya saye.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mutumin da ya sayi babur kafin ya nemi ruwa. An sauke masa kaya a ƙofar gida a Kano, maƙwabta sun taru ana sanya alheri, sannan wani yaro mara kunya ya tambaya a ina za a hau. Ruwa dai akwai. Ga madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ga ta Challawa a Ƙaraye. Amma kowacce tafiya ce ta yini, da tirela, da motar da ke da ƙugiyar ja, da gangaren da za a sulala babur cikin ruwa ba tare da mota ta bi shi ba. Ya isa kuma ya tarar ruwan yana da masu shi. Masunta sun shimfiɗa taru tun asuba, akwai sarkin ruwa da ya kamata a fara gaisarwa, kuma igiya ɗaya ko leda ɗaya in ragar ƙasa ta zuƙe ta, hawan ranar ya ƙare. Ga hukuma: hanyoyin ruwan cikin gida suna ƙarƙashin NIWA mai hedikwata a Lokoja, Legas kuma tana da tata, LASWA. Bayan fita ta biyu sai babur ya koma gefen gareji ƙarƙashin tampol. Batir ya mutu, fetur ya lalace a tanki, ɓera ya gano wayoyi. Yara suna hawa suna yin ƙarar inji da baki. Hajiya ba ta cewa komai, sai dai duk ranar da aka ce babu kuɗin canza kujerun falo, takan ɗaga labule ta daɗe tana kallon tampol ɗin.

To, dillalin kirki fa? Yana nan, matsalarsa ba shi da daɗin sha'ani. Ba a samunsa ta talla. A duba shafin kamfanin da ya ƙera a ga wa ya amince wa a ƙasar, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, a sayi lemo a ba yaran da ke ba da haya a Jabi ko Lekki, a tambaye su ina ogansu yake kai gyara. Mutanen da baburansu ke aiki daga safe zuwa magariba ba sa jure wa bakaniken ƙarya. Shagon da za su nuna maka bayansa ya fi gabansa girma: injuna a buɗe, kantoci cike da farfela da zobba da matatun mai, yaro ɗaya riƙe da kwamfuta. Maigidan ba zai tashi ya rungume ka ba. Tambayoyi zai jero maka kamar ɗan sanda. A wane ruwa za ka hau, na gishiri ko na daɗi? Ka iya iyo? Wa zai riƙa wanke shi? Ka ce babba kake so, ya ce ƙarami ya fi dacewa da kai, a gaban yaranka.

In na hannu ne, zai kunce fulogai ya auna matsin kowace silinda a gabanka, ya nuna maka awannin da kwamfuta ta riƙe, ya ba ka takardun kwastan da rasit mai ɗauke da lambar jiki, sannan ya sa rana a je ruwa. In sabo ne, zai gaya maka awa goma na farko ba na gudu ba ne. Zai ɗaura maka igiyar kashe inji a hannu, wadda in ka faɗo take fizge makulli. Zai nuna maka toshe-toshen baya da ake kuncewa don tsiyaye ruwa, ya ce mutane masu digiri sun nutsar da babur sabo fil don sun manta mayar da su. Ya koya maka wankin ciki bayan ruwan gishiri: a tayar da inji sannan a buɗe famfo, a rufe famfo sannan a kashe inji, in aka juya tsarin ruwa ya bi ta salansa ya shiga inda bai kamata ba. Duk wannan karatu, ga farashinsa ya fi na kowa, kuma in ka taya ƙasa sai ya ce albarka ya koma kan aikinsa.

Shi ya sa alhazai da yawa suke fita daga wurinsa a fusace, suna cewa mutumin ba shi da tarbiyyar kasuwanci, su koma wajen mai bishiyar kwakwa ko mai tsohuwar Baturiya. Bayan wata huɗu sai ga su da tirela a ƙofar shagon, an sassauta murya, ana tambayar iyali. Shi kuma ya ɗaga kujera, ya zaro sandar mai, ya duba ta a hasken rana.

"Oga, ƙaramin abu ne ko?"

"Ƙarami ne, Alhaji. Inji kawai za a canza."