Bishiyar da Ba a Miya da Ita

A Chereponi, nan Ghana, kowace bishiya da aikinta. Kaɗanya ta ba da man kaɗe, ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, kuka ta ba da miya, mangwaro ya rufe bakin yara lokacin zafi. Ko dogon yaro, duk ɗacinsa, yana ba da inuwa da asuwaki, a kuma dafa ganyensa idan zazzaɓi ya kwantar da mutum. Shi ma baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi. Ana danganta yaɗuwarsa da zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1919 zuwa 1927, kuma daga Ghana aka kai shi Borno a 1928. Amma da yake ya kama sana'a, tuni ya zama ɗan gari. Mu kuwa mutanen zango jikokin fatake ne. Kakanninmu sun tako da jakuna daga Kano da Katsina, ta Sansanne Mango, ta Yendi, har Salaga, watanni suna hanya, duk saboda goro. Jikokin irin waɗannan mutane ba a yi musu zancen itacen da ba a ci, ba a sha, ba a sayarwa.

To, ni irin wannan itacen na shuka.

A Yendi na gamu da ita. Na je ɗaurin aure a ƙarshen rani, rana tana dukan ƙeya, komai ya yi fari fat da ƙura, sai ga wata bishiya a harabar wata makaranta ta yi jajir tun daga sama har ƙasa. Na tsaya baki buɗe har mai babur ya fara danna mini ham. Maigadin makarantar ya ce mutanen Togo filamboyan suke ce mata, ya tsinto mini kwanso ɗaya a ƙasa, baƙi, mai tauri, tsawonsa ya kusa santimita 60, in ka girgiza shi 'ya'yan suna kacau-kacau. Daga baya na ji asalinta daga busassun dazuzzukan Madagaska ne. Na ce madalla, wadda ta saba da fari ai ta zo gida.

Na shuka, na yi ban ruwa, na jira. Shiru. Da haƙurina ya ƙare na tone, sai ga 'ya'yan nan yadda na binne su, ko kumbura ba su yi ba. Wani malamin gona ya yi mini bayani: ɓawonsu ne ke da tauri, ruwa ba ya ratsa shi. Ko dai a kankare gefe ɗaya kaɗan, ko a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki. Zan fita sallar magariba na miƙa wa uwargida kwano, na ce ta zuba musu ruwan zafi. Na dawo na tarar da tukunya a kan murhu tana ɓararraka.

"Malam, na ga sun ƙi yin laushi ne, sai na jefa musu 'yar kanwa."

Kafin in sami bakin magana ta ƙara da cewa ta ɗanɗana ɗaya, kuma duk wanda ya sayar mini da waken nan ya ji tsoron Allah.

Sai da na roƙi wani direba ya sake ɗebo mini kwanso daga Yendi. Wannan karon na ja ƙofa na zauna da abin yanke farce, na ƙwanƙwashe bakin kowane ƙwaro da hannuna, na jiƙa su a ɗakina, na ɗora littafi a kan kwanon. Na cika ledojin fiya wata da ƙasa da taki, na jera su a bayan ɗaki. Cikin kwanaki kaɗan suka tsiro. Wallahi ranar da na ga koren kai ya ɓullo, sai da na kira yara su zo su gani. Suka duba, suka dube ni, suka koma wasansu.

Wanda ya nuna sha'awa ta gaskiya shi ne bunsurun maƙwabcina. Ya zo da iyalansa da hantsi, suka yi wa ledojin aski. Guda ɗaya ta tsira, saboda baro ya kife a kanta. Ita na dasa a gefen tsakar gida, kusa da katangar da ta raba mu da mai bunsurun, na kewaye ta da ƙaya. Awaki suka ci ta saman ƙayar. Na kifa kwando, suka ture. Na jera bulo, wata 'yar akuya ta haye bulon ta miƙa wuya, ashe tsani na gina mata. A ƙarshe gidan saurona na cire na lulluɓa mata. Daminar nan bishiya ta kwana lafiya, ni na kwana ina marin kunnuwana.

Rani kuma ya zo da nasa. Mu ruwan sama sau ɗaya yake mana a shekara, ya fara wajen Mayu ya ɗauke a Oktoba, daga nan sai layin famfon tuƙa-tuƙa. Ka yi tunanin magidanci da gemu, da jarka, a tsakiyar mata, ana tambayarsa ko uwargida ba ta da lafiya ne. Na ce lafiyarta ƙalau, bishiya zan ba. Wata tsohuwa 'yar Anufo ta sa aka fassara mata, ta dube ni tsawon lokaci, ta matsa ta ba ni wuri in wuce gaba, irin yadda ake yi wa wanda ake tausayi. Daga ranar na kafa doka a gidana: duk mai alwala ya yi a gindin bishiya. Baƙo ma in ya zo, buta a hannu nake raka shi wurin. Gara ta kawo hari, na zuba toka da dakakken ganyen dogon yaro, ta ja da baya.

Goggo, mahaifiyar uwargida, ita kaɗai ta goyi bayana, amma bisa rashin fahimta. Ganyen filamboyan ƙanana ne jere-jere, kusan irin na ɗorawa. Ta zo ganin jikoki ta hango shi, ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka. Yaran yanzu wa ke shuka ɗorawa? 'Yata ta huta da sayen daddawa." Na sunkuyar da kai na ce amin. Ba a yi wa surukuwa gardama, balle tana cikin sa albarka. Duk zuwan da za ta yi sai ta kawo mata kashin shanu a leda.

Kawuna na Bawku, mai fataucin albasa, bai ruɗu ba. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa gindin da sandarsa.

"Ɗana, buhu nawa take bayarwa?"

"Kawu, ba ta ba da buhu. Fure take yi."

"To, furen nawa ne kwano?"

"Ba a sayarwa. Kallo ake yi."

Ya yi shiru, ya ɓare goro, ya ce a Bawku ko jaki ba a ciyar da shi don kallo. Ya tambayi ina furen yake ya kalla, tunda ya riga ya biya kuɗin mota. Babu.

Nan ne fa gizo ke saƙa. Wadda aka shuka daga iri takan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin ta yi fure, tawa kuwa ta zaɓi fiye. Lokacin da na dasa ta muna ƙarƙashin Tamale. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a Disamba 2018, aka yanke mu aka ba mu sabon yankin Arewa Maso Gabas mai hedikwata a Nalerigu, bishiyata ba ta ce uffan ba. Ranar 11 ga Yuni 2021 gwamnati ta fito da shirin Green Ghana, aka ce a dasa itatuwa miliyan 5 a yini ɗaya. Maƙwabta suka karɓo mangwaro da kashu kyauta, suna wucewa ta ƙofata suna tambaya ko in karɓo maka mai amfani. Ita kuwa sai tsawo da faɗi, rassa sun baje har kan rufin mutane.

Ga kuma halin da ta taho da shi daga Madagaska. Hunturu na kamawa sai ta zubar da ganye tas, don kada ta yi asarar ruwa. Wato a Maris, lokacin da zafi ya fi tsanani, kowa yana neman inda zai fake, ita tsirara take. Azumin shekarun nan a gindin dogon yaron maƙwabcina na yi shi, ina hango tawa ta saman katanga. Wata rana ma na dawo kasuwa na tarar da wani yaro da gatari, wai an ce masa icen Malam ya mutu, a sare kafin gara ta riga mu. Na karce ɓawon da farce, na nuna masa kore shar a ciki. Ya tafi yana waige, bai gamsu ba.

Sai gab da ƙaramar sallar 2022, wadda ta faɗo farkon Mayu, na fito da asuba na ga ja a sama. Kafin mako ya zagayo ta kama ko'ina. Na ɗauki fure ɗaya na duba da kyau: kunnuwa biyar, huɗu ja wur, na biyar ya ɗan fi girma, da fari da ɗigon rawaya. Ranar sallah gidana ya koma wurin ɗaukar hoto. 'Yan mata da sababbin atamfofi, samari da tabarau, har waɗanda suka yi mini dariya a famfo, kowa "Malam, ɗan matsa, kana shiga hoton." Aka kore ni daga gindin bishiyata. Facebook ya cika da ita, ba wanda ya ambaci sunana.

Da kwansuna suka nuna Goggo ta zo da kwarya. Ta fasa ɗaya da ƙyar, ta leƙa, ba gari, ba kalwa. Ta fasa na biyu. Ta ajiye kwaryar a hankali ta ce wa 'yarta, "Ɗorawar mijinki ta yi juya." Har yau ba ta karɓi albarkarta ba, amma ta daina kawo taki. Yara kuwa sun samu takubba da kacau-kacau, kuma daidai lokacin barcin rana suke fita yaƙi.

A damina ta gaba katangar maƙwabci ta tsage daga ƙasa har sama. Magini ya tona ya ciro saiwa mai kaurin taɓarya. Saiwoyin filamboyan ba sa nutsewa can ƙasa, sama-sama suke bi su yi nisa, duk abin da suka tarar su ɗaga shi. Magana ta kai gaban Sarkin Zango. Na ce, ranka ya daɗe, ni ma ina da ƙara, bunsurunsa ya cinye mini gonar fure guda.

"Gonar me?"

"Fure, ranka ya daɗe."

Fada ta kwashe da dariya. Sarki ya ce jikokinsa sun nuna masa hoton, abin ya yi kyau ƙwarai, kada a sare ta. Sannan ya ce siminti da kuɗin magini suna kaina, bunsuru kuwa ba shi da laifi, aikinsa ya yi. Na biya sidina, magini ya haƙa rami tsakaninta da katanga ya datse saiwoyin wannan gefen. Maƙwabcin nawa yanzu shi ke shimfiɗa tabarma a inuwarta da damina, yana gaya wa baƙi cewa tare muka rene ta.

Iri yana nan, ya kusa cika buhu, kuma kyauta ne. Mai so ya zo kafin ruwa ya sauka. Ya kankare ɓawon da hannunsa, kada ya wakilta kowa, ya bar aƙalla taku goma sha biyar tsakaninta da kowace katanga, tasa ko ta maƙwabci, ya kuma gaya wa surukarsa tun ranar farko cewa ba ɗorawa ba ce.