Yadda Ake Juye Littafin Bashi Cikin Kwamfuta

Idan kana da shagon taki da iri a Kebbe, ɗanka kuma ya dawo daga Sakkwato da kwamfuta yana cewa littafin bashi tsohon yayi ne, kada ka yi musu. Ka dai tura littafin ƙarƙashin katifa, sannan ku fara.

Ba a zuba gero da shinkafa buhu ɗaya, don haka kafin a shigar da kowa sai an yanka gurabe: suna, gari, lambar waya, lambar asusu, kuɗin da ake bi. Kowane gurbi a sa masa mai gadi. Lambar NIN da ta BVN alƙaluma 11 ne, ta asusun banki 10. Wanda ya zo da 9 a mayar da shi, ko da surukinka ne. Nan kwamfuta ta fi ka iya kasuwa: ba ta jin nauyin kowa.

Amma ita ma da nata taɓin. Rubuta wa Excel lambar waya, ta haɗiye sifirin farko ko ruwa ba ta nema. Ka yi wayo ka sa 234 a gaba, alƙaluma su kai 13, sai ta nuna maka wani abu kamar 2.34803E+12, sai ka ce laya. Maganin shi ne a shaida mata tun farko cewa gurbin nan na rubutu ne, ba na lissafi ba. Wa zai tara lambar Alhaji da ta Hajiya?

Suna kuwa, a nan gizo ke saƙa. Abubakar, Garba, Buba da Habu mutum huɗu ne ranar karɓar taki, ranar biya kuwa ko ɗaya ba ka gani. Ga Muhammadu, ga Mamman, ga Moh'd mai gaggawa. Saboda haka a ba kowa lamba tasa shi kaɗai, kwamfuta ta ƙi duk wanda ya bayyana sau biyu. Gari ma kada a bari kowa ya rubuta yadda ya ga dama. A jera Kuchi, Girkau, Jabo, Dogon Daji, mutum ya zaɓa. In ba haka ba za ka sami Tambuwal da Tambawal suna zaman garuruwa biyu, wani mai gyara kuma ya mayar da Kebbe Kebbi, ya kwashe maka mutane zuwa wata jiha ba kuɗin mota. A adana fayil da tsarin UTF-8, don kada Ɗanladi ya wayi gari ?anladi.

Ranar haihuwa, in ba dole ba, bar ta. Ka tambayi dattijo, ya ce: “Ɗan nan, ai shekarar da anka canza kuɗi anka yi mini aure, sai ka lissafa.” Wane canjin, baba? Na 1973, na 1984, ko na 2022?

Sai fayil ɗin CSV, wanda waƙafi ne katangarsa. Ka rubuta adireshi “bayan masallaci, kusa da rijiya, gidan mai shuɗin ƙofa”, ka manta ba ka killace shi da alamar zance ba, sai ya mamaye gurabe uku. Da safe ka ga bashin Malam ya zama “kusa da rijiya”.

Fara gwaji da mutum goma. Waɗanda mai gadi ya kora a tara su gefe tare da dalilin korar, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma kada ɗan naka ya jefa fayil ɗin a zauren WhatsApp na dangi. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Nijeriya, ga shi kuma gwaggo za ta san wanda ake bi.

In an gama, ɗauko littafin nan daga ƙarƙashin katifa. A gefen sunan Garba ka rubuta da jan biro: “In ya sayar da albasa.” Yaron ya duba sama da ƙasa, bai sami gurbin da zai sa wannan ba.