Kwamfutar Ƙungiya da Taimakon Yaron Shago

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani, a gonakin da ke tsakanin Kura da Bunkure. Muƙamin ya same ni ne saboda ni kaɗai ke da kwamfuta, wata tsohuwar laftof da ake ɗaure murfinta da roba, wadda batirinta ke sumewa da zarar an ɗauke wuta. A cikinta nake rubuta wanda ya biya kuɗin ruwa da wanda bai biya ba. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ruwan da muke ban-ruwa da shi daga dam ɗin Tiga yake tasowa, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ya biyo babban kanal ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kowa na son ruwa ya iso gonarsa da asuba, amma ranar karɓar kuɗi rabin ƙungiya sun tafi ta'aziyya.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Wudil ne ya kawo labarin. Ya ce, "Kawu, ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Taka kuma ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ta tsufa, ba ta da abin tsaron da ake kira TPM 2.0." Na ce to sai me? Ya ce in koma Linux. Wani ɗalibi ne ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kyauta ake ba da ita, kuma wayar Android da ke aljihuna ma a kanta aka gina ta.

Da na kai maganar taro don a taimaka mini da kuɗin sabuwa, tunda tsohuwar ta riga ta gaji, yaron ya tashi ya yi wa dattawa bayani da harshensu. Ya ce kwamfuta gona ce, babbar manhaja kuma iri, mu iri za mu sake. Shugaba ya gyara hula ya ce, "Yaro, irin kyauta dai mun san shi. Sai an gama shuka yake isowa." Aka yi dariya, aka amince da rabin kuɗi. Sauran rabin ya fito daga shinkafata shanshera, uwargida tana tsaye bakin zaure tana ƙirga buhunan da ake lodawa da ido.

Yaron ya so ya raka ni Kano, jarrabawa ta hana. Sai ya ba ni filash da Linux Mint a ciki, ya ce kafin in biya ko sisi in sa a tayar da kwamfutar daga filash ɗin, ba tare da an girka komai ba, in duba sauti da kyamara da waifai, domin ba kowace laftof ke jituwa da Linux ba.

Na shiga wani shago a titin Beirut. Mai shago ya tarbe ni da "Alhaji", ni da ko Kwatarkwashi ban taɓa wucewa ba, ya jero mini na hannu waɗanda aka kawo daga Turai, kowace ya ce wata likita ce ta yi amfani da ita, tsohuwa, ba ta ma cika kunnawa ba. A lissafinsa likitocin Turai ba su da aiki sai sayen kwamfuta su adana wa Kanawa. Na zaro filash. Ya ja da baya.

"Alhaji, mene ne a ciki?"

"Linux."

"Allah ya sawwaƙe. Ai ba ma sa filash ɗin waje. Ka saya tukuna, in ta zama taka ko barkono ka zuba mata."

Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya rantse da ko uwar kuɗi bai mayar ba, ya sallama. Ya ba ni jaka da linzami kyauta, har ya ce yaronsa zai cika mini ita da finafinai. Na ce a bari.

Ƙarshen mako ɗan ƙanwata ya girka Linux, ya kwaso mini lissafin ƙungiya daga tsohuwar, ya nuna mini LibreOffice da ke buɗe takardun Excel ba gardama. Abin ya burge ni, gaskiya: tana tashi da sauri, ba ta tambayata lasisi. Tsohuwar kuma na ba yara, kafin la'asar sun raba allo da gangar jiki. Sai bayan yaron ya hau mota na lura da abu biyu.

Na farko, waifai babu. Na kira shi, ya ce ɗan abin da ke kama waifai a cikinta yana buƙatar ƙaramar manhajarsa, sai an sauko da ita daga intanet. Na ce da wane intanet ɗin? Ya yi shiru, sannan ya ce in haɗa waya da kwamfutar da igiyar caji. Igiyata irin ta bakin tasha ce, wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar saƙo.

Na biyu ya fi muni. Ashe laftof ɗin daga Jamus ta fito, su kuwa Jamusawa a madannansu Y da Z sun yi musayar gurbi. Yaron ya saita ta a tsarin Turancin Amurka, shi da ba ya kallon madannai in yana rubutu. Ni da yatsa biyu nake aiki, kaina a sunkuye. Daren nan na shigar da kuɗin noman rani duka, lokacin ana shirin shuka alkama. Da safe na kai shagon buga takardu a Kura aka fitar mini, na miƙa wa ma'aji ba tare da na duba ba, na hau mota na koma Kano kan batun waifai.

Mai shago ba ya nan. Yaronsa, mai ladabi, ya karɓa da hannu biyu ya ce in je in yi sallah in ci abinci. Da na dawo na tarar da shi yana murmushin wanda ya ceto yaro daga rijiya.

"Baba, Allah ya rufa maka asiri da ka zo da wuri. Wani baƙon abu na gani a ciki, koren tambari, ko Word babu. Bairos ne ya cinye ta. Na yi mata fomatin tas, na sa maka Windows. Ga waifai nan yana aiki."

"Takarduna fa?"

"Ai duk sun kamu, Baba."

Na dubi allo. Windows 10 ce. Ya ce sha ɗayan tana da nauyi, wannan ta fi lafiya, kuma ba sai na biya ba, sai dai in na ga dama in ba shi na ruwa. Abin da ya fi ci mini rai, na ba shi. Yaron da zuciya ɗaya ya yi, kuma a duk layin nan ban ga wanda zai yi wani abu daban ba. Wanda zai bar hanyar da kowa ke bi a garin nan, masu son taimakonsa ne babbar matsalarsa, domin maƙiyi ko taɓa maka kwamfuta ba zai yi ba.

Saura takarda ɗaya ke nan a duniya mai ɗauke da lissafinmu, wadda ke hannun ma'aji. Ranar taro, ƙarƙashin mangwaro a bakin kanal, ya ɗora tabarau ya fara karantawa. Gaban sunan duk wanda ya biya, an rubuta "za biza". Ma'aji ya yanke hukunci cewa sakatare "zai biya" yake nufi, wato ba su biya ba. Mutanen da suka sayar da kwandunan tumatir a Kwanar Gafan suka kawo kuɗinsu tun kafin a tambaya suka miƙe tsaye, wani har sandarsa na rawa. Na ɗaga hannu zan yi bayanin Jamusawa, Shugaba ya ce in zauna, Jamus ba ta cikin ajanda.

Aka zo kan masu bashi, su kuma "bai biza ba". Wani dattijo da ake bin sa tun noman bara ya nemi a maimaita masa, aka maimaita. Ya ce, "Wannan gaskiya ne, Shugaba. Ban yi biza ba, ko fasfo ba ni da shi. Amma in ƙungiya za ta kai ni Umara, a sa sunana a farko."

Aka kafa kwamitin mutum uku ya bi gida-gida yana tambayar rasit. Aka kuma umarci ma'aji ya sayo littafi mai bango mai tauri. Ɗan ƙanwata ya zo da igiya ta gari ya sake girka Linux, ya saita madannai, waifai ya kama. Kuɗin littafin da na man babur ɗin kwamiti a kaina aka ɗora, kuma ma'aji ya ce da biro zai rubuta cewa na biya.