Masu Sayen Iska a Ƙofar Ruwa

Wani abokina yana da shago a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a layin masu kayan gyaran mota, kuma duk ranar da aiki ya yi mini sauƙi, a bencin ƙofarsa la'asar take riskata. Cikin kayan da ya rataye akwai wani bututu mai ƙyalli da aka maƙala wa jar matata a baki, mai siffar mazurari. An ƙera shi ne domin a cire baƙin akwatin robar nan da mota ta zo da shi, a ɗaura wannan, inji ya sha iska mai sanyi. Hujjar ba ƙarya ba ce. Inji ya fi cin iska a kan fetur, don lita ɗaya ta fetur sai ta sami iska kusan lita 9,000 kafin ta ƙone yadda ya kamata, kuma duk sanyin digiri 10 yana ƙara wa iska nauyi da wajen kashi 3 cikin 100. Sai dai tun da nake zama a bencin nan ban ga wanda wannan lissafin ya kawo ba. Kowa da abin da ya zo saye.

Akwai ɗan ƙara. Shi kunne ne yake fara ganinsa. Motarsa Honda ce da ake kira Baby Boy, wadda aka daina ƙera irinta tun 2002, wato da ita da shi kusan sa'o'i ne. Ba ruwansa da faɗin bututu, balle ya ji daga ina zai zuƙo iskar. Tambayarsa ɗaya ce: "Oga, yana kuka?" Da an ce yana kuka, ciniki ya faɗa. Kullum gajeren bututu yake ɗauka, wanda matatarsa za ta zauna cikin bonet, kafaɗa da kafaɗa da injin da ke tafasa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kai digiri 40 a inuwa, ka ƙiyasta abin da ke ƙarƙashin bonet a cikin cunkoson Kantin Kwari. Akwatin da ya yar kuwa, ta gaba yake jawo iska, daga waje. Ya biya kuɗin sanyi an ba shi huci. Amma bari ya hau gadar Ƙofar Nasarawa ya taka totur, injin ya yi gurnani kamar an taka wutsiyar zaki, zai rantse maka an ƙara masa doki ashirin. Ni dai ko jaki ban gani ba.

Mai lissafi ma'aikaci ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama ɗan gida a shagon. Yana da ƙaramin littafi a aljihun gaba inda yake rubuta kowace lita. Wani a ofis ya gaya masa jar matata tana rage shan mai. Sati biyu da ɗaurawa ya dawo fuska a murtuke, wai motar ta ƙara haɗama. Abokina ya tambaye shi, "Malam, tsakani da Allah, kana taka ta don ka ji ƙarar?" Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "Jefi-jefi."

Wanda ya fi cin lokaci shi ne shehin waya. Ya kwana a YouTube yana kallon wani Ba'amurke a garejin da ya fi ɗakin amarya tsabta, ya zo da hoto da lambar kaya, yana kiran sunan kamfanin K&N kamar makwabcinsa ne. Ya san komai, ban da abin da ke cikin bonet ɗinsa. Camry ɗinsa Big Daddy iri biyu aka yi ta, mai fulogi huɗu da mai fulogi shida, kuma bututun wannan ba ya hawa waccan. Shi ya haddace lambar mai shida, tasa kuwa mai huɗu ce. Wani lokacin ma injin ba nata ba ne, an canza shi tun kafin ta baro Kwatano. Alhali abin da ake bukata ba ya wuce a buɗe bonet a duba: faɗin bakin da iska take shiga inji, wurin da za a soke ƙaramin tiyon da ke fitowa daga murfin inji, da gurbin na'urar auna iska, in motar tana da ita a kan bututu. In ka ce ya zo a auna, sai ya juyo maka da fuskar waya ya ce, "Ai ga shi nan an rubuta."

Wannan na'urar auna iskar ita ce ta haɗa mu da bakanike mai "zai shiga". A wurinsa babu abin da ba ya shiga. Bututu mai inci uku, bakin inji inci biyu da rabi? Zai shiga. Ya yanko robar tsohuwar tayar babur, ya naɗa, ya ɗaure da waya, ya ciza da filaya. Babu gurbin na'urar? Ya ɗora wuƙa a wuta ya huda, ya liƙe da gam. Na ga an yi wa wata Corolla ta 2005 wannan aiki a gabana. Ita na'urar an saita ta ne da faɗin bututun asali, don haka da aka canza faɗin sai ta riƙa ba kwamfutar mota labarin ƙarya, motar ta kama shessheƙa a tsaye, fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban direba. Mai motar ya nuna masa. Bakanike ya leƙa, ya ce, "Wannan ai ba komai, Yallaɓai," ya yago baƙin salatif ya rufe fitilar. Har da karɓar na goro.

Baba Alhaji ba saye ya zo yi ba. Ɗansa ne ya aiko masa da abin daga Ingila, a kwali, shi kuma motarsa Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, mai kafireta, wadda ta kai shi ɗaurin auren 'ya'yansa duka. Ya juya jar matatar a hannu, ya ɗaga ta sama, ya hango hasken rana ta cikinta. Ya ce, "Yaro, abin da rana ta wuce ta cikinsa, ƙurar hunturu za ta tsaya neman izini?" Ya mayar da ita kwali. An ce yanzu tana kan firji a falonsa, baƙi suna zaton fitila ce.

Maganar Baba tana da ƙamshin gaskiya, domin irin wannan matata auduga ce da ake shafa wa mai na musamman don ya kama ƙura, kuma sai ana wanke ta ana sake shafawa. Nan ma mutane biyu ne. Ɗaya bai taɓa wankewa ba, daga Disamba zuwa Fabrairu ta koma kalar tubalin ƙasa. Ɗayan kuma ya ji an ce mai, ya tsoma ta cikin baƙin mai kamar zai soya ƙosai, man ya bi iska ya dabaibaye na'urar.

Saura mutum ɗaya, mai ilimi, wanda yake zama a benci yana yi wa duk waɗannan dariya. Shi ya gane cewa gajeren bututu shirme ne, don haka ya sayi dogon, na gaske, wanda yake gangarawa har bayan bamba, kusa da ƙasa, inda iska take da sanyi. Ya auna komai da kansa. Motar ta yi lafiya tun daga bazara har cikin Agusta. Ran nan aka kwana ana ruwa, da safe ya iso wani kwari a unguwarsu, ya ga mai Adaidaita Sahu ya ratsa, ya ce shi ma bismilla. Inji yana matse iska, amma ruwa ba ya matsuwa. Ƙara ɗaya ya ji, ƙwas, kamar an karya rake, motar ta mutu a tsakiyar ruwa, yaran unguwa suka turo shi yana naɗe da ƙafar wando.

Bayan na sayi wani injin, na koma wurin abokina neman baƙin akwati irin na asali. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da ɗaya yana kaɗe masa ƙura, ya ce ɗan Beljiyam ne, bai daɗe da sauka ba. Na juya shi, sai ga tsagin nan a gefen murfi, wanda ni da hannuna na liƙe da gam shekara uku da suka wuce.

Na ce, "Haba Alhaji, wannan ai nawa ne da na bari a nan."

Ya ce, "Shi ya sa na san zai shiga. Kawo kuɗin ajiya."