Yadda Ake Rufe Bakin Fankar Kwamfuta a Dole Kaina

Shekara da shekaru ba wanda ya san kwamfutar shagon buga takardu tana da murya. Janareta na ruri a bakin ƙofa, injin niƙa na amsa masa, kwale-kwale masu inji na kai da komo a kogin Kwara tsakanin Najeriya, Nijar da Benin. Sai da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu hali suka koma sola, sannan asiri ya tonu: ashe akwai wata 'yar fanka a cikin akwatin da ta daɗe tana kururuwa ba mai ji.

Mai shagon da abin ya dama, ya fara sanin wadda ake tuhuma. Ita ce fankar da ke zaune a kan furosesa, wadda kamfani ke haɗowa kyauta a kwali. Ta Intel tana da ƙafafun roba huɗu da ake dannawa, wadda ta fito a 2022 sunanta Laminar RM1. Ta AMD kuwa Wraith Stealth. Duk ƙanana ne, faɗinsu bai kai santimita 10 ba, don haka idan aiki ya yi zafi sai sun juya kusan sau 3,000 a minti kafin su ture iskar da ake buƙata. A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba su cika kaiwa nan ba. A Dole Kaina cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40 kuma rufin kwano ne, tun hantsi suke can. Ba rashin kunya ba ce: furosesa idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, fankar kuwa ƙoƙarin hana hakan take yi.

Masu auna ƙara sun ce raɗa kusan desibel 30 ce, hira kusan 60, kuma duk ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka. Mai shago ba ya buƙatar na'ura. Idan sai ya ce "Na'am, Alhaji?" sau uku kafin ya ji adadin kwafin da ake so, an kai matsayin ɗaukar mataki.

Maganin farko ba ya cin ko sisi, shi ya sa ba a girmama shi. A kashe kwamfutar, a zare waya, a buɗe gefen akwatin. Ƙurar hunturun bara da ta bara waccan tana nan daskare tsakanin haƙoran alminiyam da ke ƙarƙashin fankar, ta toshe hanyar iska. A riƙe fukafukan da yatsa don kada su yi ta wulwulawa, a bi da busasshen buroshi. Wanda ya hura da baki zai yi buɗa-baki da ƙasar Sahara. Sai a ɗaga fankar, a goge tsohon man nan mai ruwan toka da ya bushe a kan furosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Man shanu ba ya yi, man goge baki ma haka, ko da wani yaro ya rantse ya gani a TikTok. A duba ƙafafun nan huɗu; ɗaya ta karye, fanka ta karkace, shi ke nan ihu har Magariba. Idan wayar fankar mai fil huɗu ce, a shiga saitin kwamfutar na BIOS a umarce ta ta yi a hankali lokacin da ba aiki.

Wanda aljihunsa ke ƙaiƙayi sai ya nemi babba. Hyper 212 ta Cooler Master tana da bututun tagulla huɗu da fanka mai santimita 12, tana tura iska mai yawa ba tare da gaggawa ba, kuma nan sirrin shirun yake. Noctua ta ƙasar Ostiriya ta fi ladabi, sai dai kuɗinta kan iya zarce na tsohuwar kwamfutar da za a ɗora ta a kai, ga launin ƙasa-ƙasa da ko masoyanta ba sa karewa. Thermalright na yin kusan aikin a farashi mai sauƙi.

Kafin a damƙa wa direban Kamba kuɗi ya sayo daga Birnin Kebbi ko Kano, a ɗauko rula. Hyper 212 ta kusa santimita 16 a tsaye, alhali yawancin 'yan gwanjon da ke shaguna sirara ne, irin su Dell OptiPlex, waɗanda murfinsu ba zai rufu ba, wasunsu ma mahaɗin fankarsu fil biyar ne na gidansu kaɗai. Barin akwatin a buɗe gayyata ce ga ƙura, ƙadangare da yatsun yara. Masu zancen sanyaya da ruwa kuma a tuna musu cewa ba ruwan Kwara ake nufi ba, duk kusancinsa.

Wanda ya wayi gari ya ji fankarsa ta yi tsit ba tare da ya taɓa ta ba, kada ya yi saurin raba goro. Ya leƙa ya ga ko tana juyawa. Idan ta tsaya cik, ya kashe kwamfutar nan take, ya ce wa masu jiran takardu su dawo bayan La'asar.